Shawarar Da Ta Ƙi Jiƙo Da Olsar Da Ta Ƙi Magani: Me Ke Faruwa Tsakanin Matsarmama Da Fankiriyas?

Me ya sa mutum biyu za su kamu da shawara, ido ya yi ruwan ɗorawa, fitsari ya yi duhu, ɗaya ya sha jiƙo mako biyu ya miƙe, ɗaya kuma ya yi wata uku yana shan jiƙon nan dai yana ramewa, har a kwashe shi ranga-ranga zuwa asibiti? Me kuma ya sa wani ciwon saman ciki da aka laƙaba wa olsa shekara da shekaru ba ya jin maganin olsa ko kaɗan? Amsar da aka fi ji a majalisa da zaurukan WhatsApp ita ce wai jinin mutum ne bai karɓi maganin ba, ko kuma akwai sa hannu. Sau da yawa kuwa amsar tana wani ɗan lungu a cikin ciki, inda hanta da matsarmama da fankiriyas ke zubar da ruwansu cikin hanji ta ƙofa guda.

Gaɓoɓi uku, mafita ɗaya

Duk wanda ya taɓa tsayawa kan ragon layya ana feɗe shi ya san matsarmama. Ita ce 'yar koriyar jakar nan da ke manne a ƙarƙashin hanta, wadda mahauci ke lallaɓawa ya yanke ya jefar, don in ta fashe ɗacinta ya ɓata nama. Ruwan da ke cikinta ba ita ke yin sa ba. Hanta ce ke yi, wajen rabin lita zuwa lita ɗaya kowace rana a jikin babban mutum. Ita matsarmama ajiya kawai take yi. Ba ta ɗaukar abin da ya wuce kimanin mililita 50, sai ta tsotse ruwa-ruwan ta bar shi da kauri. Da zarar abinci mai maiƙo ya sauko hanji, sai hanjin ya aika saƙo ta jini, jakar ta matse, ruwan ɗacin ya gangaro.

Aikin wannan ruwa biyu ne. Yana farfasa maiƙo ƙanana-ƙanana don jiki ya iya tsotsarsa. Sannan ta cikinsa hanta ke zubar da shara, musamman wani sinadari mai launin ɗorawa da ake kira bilirubin, wanda ke fitowa daga jajayen ƙwayoyin jini da suka tsufa suka mutu bayan kimanin kwana 120. Shi ne ke ba bayan gida launin da muka saba gani. A riƙe wannan, don nan gaba shi zai warware mana abubuwa da yawa.

Ita kuwa fankiriyas, kwance take a bayan tumbi, tsawonta kamar santimita 15. Kanta na cikin lanƙwasar farkon hanji ta ɓangaren dama, wutsiyarta na taɓa saifa ta hagu. Mutane da dama na ɗaukar ita ce saifa, alhali gaɓoɓi biyu ne daban, aikinsu ma ba ɗaya ba. Kowace rana fankiriyas na fitar da kusan lita ɗaya da rabi na ruwa mai narkar da nama da kitse da sitaci, wanda kuma ke kashe kaifin tsamin da ya biyo abinci daga tumbi. A warwatse cikin namanta akwai wasu 'yan tsibirai da ba su wuce kashi 1 zuwa 2 cikin 100 na nauyinta ba, su ke yin insulin, sinadarin da ke daidaita suga a jini. A 1889 wasu likitoci biyu a Strasbourg, Minkowski da von Mering, suka cire wa kare fankiriyas, sai ga shi da ciwon suga. Daga nan aka gane alaƙar, har aka kai ga samo insulin a Toronto a 1921.

Ga inda gizo ke saƙar. Babban bututun da ke sauko da ruwan ɗaci, wanda faɗinsa bai cika wuce milimita 6 ba, yana ratsa kan fankiriyas kafin ya isa hanji. A can ƙarshe, a yawancin mutane, yana haɗuwa da bututun fankiriyas, su fita ta 'yar ƙofa ɗaya mai zoben tsoka da ke buɗewa da rufewa. Tamkar kwatoci biyu ne na unguwa da suka haɗu a kwalbati ɗaya: leda guda ta toshe bakinsa, gidajen layi biyu ne ruwa zai shiga.

Daga ina tsakuwa ke fitowa?

Ba daga tsakuwar shinkafa ko ta wake ba, kamar yadda wasu ke zato. A cikin jakar matsarmama take haɗuwa. Kolestarol, wani nau'in maiƙo da hanta ke zubarwa, ba ya narkewa a ruwa, wasu gishirai na musamman da ke cikin ruwan ɗacin ne ke riƙe shi a narke. In kolestarol ya fi ƙarfinsu, ko kuma jakar ta yi kasala ba ta juye kayanta sosai, sai ya fara daskarewa. Da farko laka ce, a hankali ta dunƙule ta zama tsakuwa.

Wannan ya sa abin ya fi kama mata. Sinadaran jikin mace na ƙara yawan kolestarol a ruwan ɗaci, lokacin juna biyu kuma matsarmama na rage kuzarin matsewa. Matar da ta yi haihuwa bakwai ta bi ta wannan hali sau bakwai. Ƙiba da ciwon suga da shekaru duk suna ƙarawa. Abin da mutane ba su cika sani ba shi ne ramewa farat ɗaya ma na jawo ta, domin in jiki na ƙona kitse da sauri hanta kan antayo kolestarol da yawa. Masu shan shayin rage tumbi suna horar da kansu da yunwa ya kamata su ji wannan.

A Turai da Amurka kusan tsakuwa 8 cikin 10 irin ta kolestarol ce. Mu a nan akwai hanya ta biyu da ta shafe mu ƙwarai, wato sikila. Jajayen ƙwayoyin jinin mai sikila ba sa wuce kwana 10 zuwa 20 suke fashewa, don haka bilirubin ke kwarara zuwa hanta ba ƙaƙƙautawa, ya taru ya zama baƙaƙen tsakuwoyi ƙanana. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta ana haifar jarirai wajen 150,000 masu sikila a Najeriya duk shekara, kuma da yawansu kan samu tsakuwa tun kafin su balaga. Abin da ke damuna shi ne yaron da ke murƙususu da ciwon ciki, a ce ai ciwonsa ne ya tashi, a ba shi maganin kashe zafi a mayar da shi gida, ba wanda ya leƙa matsarmamarsa.

Akwai kuma tsutsar ciki, doguwar nan, da kan kutsa ta ƙofar ta shige bututun, musamman ga yara a inda tsaftar ruwa da ban ɗaki ta yi ƙaranci. Ƙwayar taifod ma kan maƙale a matsarmama mai tsakuwa, mutum ya warke amma ya ci gaba da yaɗa ta ta bayan gida.

Sai dai a kwantar da hankali kan abu ɗaya: kusan mutum 8 cikin 10 masu tsakuwa ba su taɓa jin komai ba, kuma ƙila har abada ba za su ji ba. Ganin tsakuwa a hoto kaɗai ba ya nufin sai an yi tiyata.

Inda ta maƙale shi ke raɗa wa ciwon suna

In tsakuwa ta toshe wuyan jakar, jakar za ta yi ta matsawa ba mafita. Ciwon kan zo bayan cin abinci mai nauyi, soyayyen nama ko miyar da ta sha man ja, galibi da dare. Yana kama ƙahon zuci ko ƙarƙashin haƙarƙarin dama, ya harba zuwa allon kafaɗa, ga tashin zuciya. Yakan yi rabin awa zuwa 'yan awoyi, sannan tsakuwar ta koma ciki, ciwon ya lafa. A daidai wannan tsakanin ne aka aika yaro kyamis ya sayo farin ruwan maganin olsa, mara lafiya ya kurɓa, ciwo ya tafi don kansa, magani ya kwashi yabo. Haka ake shekaru ana jinyar cutar da babu ita.

In ta ƙi komawa, ciwo ya wuce awa shida ga zazzaɓi, to jakar ta kumbura ke nan, kuma tana iya yin ruwa ko ta fashe.

In kuwa ta sulale ta faɗa babban bututu, labari ya canja. Ruwan ɗaci ba ya isa hanji, sai bilirubin ya koma jini. Ido ya rine, fitsari ya yi duhu saboda ƙoda na ƙoƙarin fitar da shi, bayan gida kuma ya koma fari-fari ko toka-toka tunda mai ba shi launi bai iso ba. Sai ƙaiƙayi mai hana barci, har mutum ya ji wa fatarsa rauni da susa. Da yake maiƙo ba ya narkewa, jiki ba ya samun bitamin K, jini ya daina daskarewa da wuri. Shawarar maleriya ko ta sikila ba ta sa bayan gida ya yi fari. Ciwon hanta na iya sa ya yi haske na ɗan lokaci. Amma wanda ya yi fari ya zauna a haka, toshewa yake nunawa.

Ruwan da ya tsaya kuma ƙwayoyin cuta daga hanji na hawowa cikinsa. Matsin da ke cikin bututun sai ya tura su kai tsaye cikin jini. Likitan Faransa Jean-Martin Charcot ya bayyana alamomin nan uku tun 1877: ciwon ciki ta dama, zazzaɓi mai karkarwa, da shawara. Duk wanda ya haɗa ukun nan, a wajensa awoyi ake ƙirgawa ba kwanaki ba, kuma maganin kashe ƙwayoyin cuta kaɗai ba ya isa matuƙar ba a buɗe hanyar ba.

Lokacin da fankiriyas ta fara cin kanta

Tambaya ce mai kyau: gaɓar da ke yin ruwan narkar da nama, ita ma kuma nama ce, me ya hana ta narkar da kanta? Hikimar ita ce a sume take fitar da sinadaran. Babbansu, tiripsin, ba ya farkawa sai ya isa hanji, inda wani sinadari ke tada shi, shi kuma ya tada sauran. Har wani mai gadi ke akwai a cikin fankiriyas ɗin da ke danne duk tiripsin da ya farka kafin lokaci.

Ciwon kumburin fankiriyas shi ne rushewar wannan tsari. A 1901 wani likita a asibitin Johns Hopkins na Amurka, Eugene Opie, ya binciki gawar wanda ciwon ya kashe, ya tarar da 'yar tsakuwa cushe a bakin ƙofar nan ta haɗaka. Hanya ta toshe, matsi ya ƙaru, sinadarai suka farka tun a gida. Sai su fara cin namanta da kitsen da ke kewaye da ita. Ƙananan tsakuwoyi sun fi manya haɗari a nan, don su ne ke iya tafiya har bakin ƙofar.

Ciwon yana zuwa da ƙarfi a saman ciki, ya huda har gadon baya, ga amai ba tsayawa. Za ka ga mara lafiya ya kasa kwanciya rigingine, ya zauna ya dunƙule ya rungume gwiwoyinsa, don a haka ne kawai yake samun sassauci. Kusan 8 cikin 10 kan warke cikin mako guda da ƙarin ruwa da maganin zafi a asibiti. Sauran su ne abin tsoro. Kumburin na bazuwa a jiki duka, jijiyoyin jini su yi ta yoyon ruwa, jini ya yi ƙasa, ƙoda ta tsaya, huhu ya cika. Shi ya sa ƙarin ruwa da wuri ba ƙaramin abu ba ne a wannan ciwo.

Tsakuwa da giya su ne manyan sababai biyu a duniya. Giya na yi wa ƙwayoyin fankiriyas guba kai tsaye, ta kuma kaurara ruwanta har ya riƙa toshe ƙananan hanyoyi. Amma akwai wasu: kitse ya yi mugun yawa a jini, hangum ga yara, wasu magunguna, da bugu a ciki, irin wanda kan keke ko sitiyarin mota ke yi a haɗari. A nan ina da roƙo biyu. Wanda ke sha a ɓoye ya gaya wa likitansa gaskiya, sirrinsa na hannun likita kuma jinyar ta dogara da hakan. Dangi kuma kada su ji sunan ciwon su ɗora wa bawan Allah zargin shaye-shaye, domin mutane da yawa da ba su taɓa kusantar kwalba ba sun kwanta da shi.

In kumburin ya yi ta maimaituwa, tabo na maye gurbin nama, duwatsun alli su fito a cikin bututunta. Fankiriyas na da haƙuri, sai kusan kashi 90 cikin 100 na aikinta ya lalace kafin a ga alama a bayan gida: mai maiƙo, mai wari ƙwarai, yana yawo a saman ruwa. Mutum na ci amma yana ramewa. Daga baya tsibiran insulin su ma su tafi, suga ya shigo. Taba sigari na hanzarta wannan lalacewa sosai. Akwai wani nau'i da ke kama yara da matasa a ƙasashe masu zafi, wanda likitoci suka ba da rahotonsa a Indunusiya a 1959, sannan a Uganda da Najeriya da jihar Kerala ta Indiya a shekarun 1960. An daɗe ana zargin rogo, amma an same shi a wuraren da ba a cin rogo, daga baya kuma aka gano da yawan masu shi sun gaji rauni ne a wancan mai gadin da ke danne tiripsin.

Shawarar da ba ta zo da ciwo ba

Ita ce ta fi yaudara. Dattijo ya haura 50, ido ya rine a hankali, ba zafi ba zazzaɓi, sai rama da rashin cin abinci da ƙaiƙayi. Tunda ba ya kuka da ciwo, ba wanda ke gaggawa. Alhali yawancin ciwon dajin fankiriyas a kanta yake tsirowa, daidai inda bututun ɗaci ya ratsa, sai ƙarin ya shaƙe bututun sannu a hankali. Tun 1890 likitan tiyata na Suwizalan Ludwig Courvoisier ya lura cewa in aka ga shawara tare da matsarmama da ta kumbura ba ta ciwo, da wuya a ce tsakuwa ce.

Gaskiya ce mai ɗaci: ko a Amurka, waɗanda ke kai shekara biyar bayan gano wannan ciwon daji ba su wuce kusan 13 cikin 100 ba, kuma 15 zuwa 20 cikin 100 ne kawai ake samu a matakin da tiyata za ta yiwu. Tiyatar, wadda Allen Whipple ya bayyana a New York a 1935, tana cikin mafi girma da ake yi a ciki. Shan taba na ninka haɗarin kusan sau biyu. Ciwon suga da ya ɓullo kwatsam ga mai shekaru, tare da rama ba dalili, ya cancanci a duba bayansa.

Shi kansa bututun ɗacin kan kamu da ciwon daji, galibi bayan shekaru na kumburi. Arewa maso gabashin Tailan ce ta fi ko'ina fama da ita, saboda wata tsutsar hanta da ke shiga ta ɗanyen kifin ruwan daɗi.

Jaririn da shawararsa ta wuce mako biyu

Jarirai da yawa kan yi shawara a kwanakin farko, mafi yawa ta wuce. Amma akwai waɗanda bututun ɗacinsu ke toshewa ya shafe tun suna 'yan kwanaki. Jaririn na shan nono, yana kuzari, ba abin da ke nuna yana cikin haɗari sai ido da bai washe ba da kashinsa da ya koma fari-fari maimakon ruwan ɗorawa. A ciki kuwa ɗaci na taruwa yana cin hanta. Likitan Japan Morio Kasai ya ƙirƙiro tiyatar da ke haɗa hanji kai tsaye da hanta a shekarun 1950, kuma ta fi yin nasara in an yi ta kafin jariri ya cika kwana 60. Wato ana gama wankan jego, lokaci ya kusa ƙurewa. A Taiwan tun 2004 ake ba kowace mai jego kati mai launukan kashin jariri don ta riƙa gwadawa. Mu da ba mu da katin, idon uwa da na kaka da na ungozoma a kan tsumman jariri shi ne katinmu.

Jiƙo, man zaitun, da tsoron allura

Masu kare maganin gargajiya na da hujjar da bai kamata a raina ba: sun ga mutane sun sha saiwar rawaya sun warke da idonsu. Gaskiya ne an warke. Amma shawarar da ciwon hanta nau'in A ke kawowa da kanta take tafiya cikin makonni, ta maleriya na bin maleriyar, wani sa'in ma tsakuwa kan faɗa hanji don kanta. Matsalar ita ce a ido duk iri ɗaya suke da wadda toshewa ta kawo, kuma ba abin sha da ke ture tsakuwar da ta cushe ko ƙarin da ya shaƙe bututu. Wasu haɗe-haɗen ma ƙara wa hantar da ke wahala nauyi suke yi.

Maganar cewa mai shawara ba ya son allura ita ma tana da ɗan tushe, domin akwai magungunan da hanta mai ciwo ba ta iya ɗauka, har da farasitamol in an wuce ƙima. Wannan dalili ne na guje wa sayen magani barkatai, ba na guje wa asibiti ba. Waɗanda aka ce allura ta kashe, galibi an kai su ne bayan cuta ta gama cin su.

Sai wankin matsarmama da ake tallatawa a Facebook da TikTok: a sha kofin man zaitun da ruwan lemun tsami, da safe a ga korayen dunƙule-dunƙule a bayan gida a ce tsakuwa ta fita. A 2005 likitoci a New Zealand sun kai irin waɗannan ɗakin gwaji, ba su sami kolestarol ko bilirubin a ciki ba. Man ne da lemun suka dunƙule a hanji. Man zaitun abinci ne mai albarka, ba wanda ke musu, amma kwankwaɗar kofi guda na tilasta wa jakar matsewa da ƙarfi, kuma hakan na iya tura ƙaramar tsakuwa zuwa ƙofar da ba a so ta je.

A ɓangaren asibiti, cire matsarmama tsohuwar tiyata ce, Carl Langenbuch ya fara ta a Berlin a 1882, tun 1985 kuma ake yin ta ta ƙananan huji. Mutum na rayuwa lafiya lau ba ita, tunda hanta na ci gaba da zubo ɗaci kai tsaye cikin hanji. Tsakuwar da ta shiga bututu ana iya zaro ta ba tare da yanka ba, da wani bututu mai kyamara da ake zurawa ta baki, aikin da likitoci ke kira ERCP. Sai dai manyan asibitoci ƙalilan ne ke yin sa a ƙasashenmu, ga tsada, ga jiran layi, kuma wannan ƙorafi ne na gaskiya da talaka ke da shi.

Matakin farko dai bai kai haka tsada ba, kuma ana samunsa a mafi yawan manyan asibitocin garuruwa: hoton ciki, gwajin jini na aikin hanta, gwajin ciwon hanta nau'in B da C, in kuma ciwon na huda baya a ƙara da gwajin sinadaran fankiriyas. Wanda zai je hoton ya je bai ci komai ba na kimanin awa shida, don matsarmama ta cika ta fito sosai a hoto.